Buƙatar masu lissafin kuɗi a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji: matsalar harshe

0. Gabatarwa

Maganganu biyu ake ji game da aikin lissafin kuɗi a jihar Maraɗi, kuma dukansu gaskiya ne. A birni, matasa masu takardar BTS ko lisans ta kontabilite suna kukan rashin aiki. Sun kai takardunsu ofishin ANPE, suna jira. A karkara kuwa, shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata suna kukan rashin wanda zai riƙe musu littafi. Yaya aka yi mai neman aiki da mai neman ma'aikaci suka kasa haɗuwa?

Sanannun dalilai su ne ƙarancin albashi da ƙin zaman ƙauye. Ba mu musanta su ba. Amma a cikin wannan ɗan nazari muna so mu jawo hankali ga dalili na uku, wanda ya shafi fanninmu na ilimin harshe. Makaranta tana horar da mai lissafi da Faransanci zalla, alhali aikin da ake buƙata a waɗannan gundumomi aikin tsaka-tsaki ne: ɗaukar lissafin da mutane ke yi da baki, da Hausa, a mai da shi takardar da doka ta yarda da ita, sa'an nan a komo da abin da takardar ta ce zuwa ga masu dukiyar ta yadda za su gane.

Za mu fara da bayanin yankin (1), da masu buƙatar ma'aikacin (2), da inda ake horar da shi (3), kafin mu zo ga matsalolin harshe (4) da abin da sashenmu zai iya yi (5). Mun yi amfani da «mai lissafi» a madadin comptable, wanda a Nijar ake cewa kontabul, a Najeriya kuma akanta. Sunayen dokoki da na muƙamai mun bar su da Faransanci.

1. Yankin

Gundumomin nan uku suna kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1: Gidan Rumji yamma da birnin Maraɗi, Agye da Gazawa gabas da shi, kan hanyar Tasawa da Damagaram. Gazawa ta zama gunduma a 2011, bayan an cire ta daga Agye. Agye tana da ƙananan hukumomi biyu (Agye da Caduwa), Gazawa biyu (Gazawa da Gangara), Gidan Rumji biyar (Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa). Ƙidayar 2012 ta ba Agye mutum kimanin 246.000, Gazawa kimanin 160.000, Gidan Rumji kimanin 524.000, jimilla ta haura 900.000.

Abubuwa uku ne suka shafi maganarmu. Na farko, arzikin yankin noma ne da kiwo da fatauci: hatsi, dawa, wake, gujiya, riɗi, da kuma aya wadda aka san Caduwa da Agye da Gazawa da ita. Na biyu, babban abokin cinikin yankin Najeriya ce, saboda haka kuɗi iri biyu ne ke yawo, sefa da naira. Na uku, mafi yawan manyan mutane ba su karanta Faransanci, ko da yake da yawansu sun yi makarantar allo. Manyan kamfanoni da ofisoshin ƙwararrun masu binciken lissafi suna Maraɗi da Yamai. Wanda ake nema a Caduwa ko Cadakori ma'aikaci ne mai matsakaicin ilimi, wanda zai zauna da mutane yau da gobe.

2. Su wane ne ke neman mai lissafi?

2.1. Ƙananan hukumomi

Tun daga zaɓen ƙananan hukumomi na Yuli 2004, kowace commune ta sami kasafin kuɗinta. Dokar 2010 da ta tsara aikinsu (Code général des collectivités territoriales) ta bi tsohuwar ƙa'idar Faransa ta raba hannu biyu: mai ba da umurnin kashe kuɗi (ordonnateur) dabam, mai karɓa da biya (receveur) dabam. A ƙarshen shekara na farko yana fitar da compte administratif, na biyu yana fitar da compte de gestion, kuma dole lambobin su dace da juna. Ƙananan hukumomi tara, ke nan kasafi tara a kowace shekara. A watan Afrilu 2024 gwamnati ta rushe majalisun da aka zaɓa, ta naɗa administrateurs délégués. Shugabanci ya sauya, amma aikin riƙe littafi yana nan yadda yake.

Abin lura shi ne inda kuɗin ke fitowa: lanho da masu gari ke tarawa gida-gida, tikitin kasuwa, harajin cinikin dabbobi, kuɗin tasha. Kowane tamma daga bakin mai jin Hausa yake fitowa kafin ya shiga littafin Faransanci.

2.2. Ƙungiyoyin manoma da asusun mata

Dokar OHADA ta ƙungiyoyin gama kai, wadda aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ta tanadi iri biyu: SCOOPS, mai aƙalla mutum 5, da COOP-CA, mai aƙalla mutum 15. Kowace iri sai ta riƙe littafin kuɗi, ta kafa kwamitin sa ido, ta kira babban taro duk shekara don a karanta wa mambobi lissafi su amince. Bankunan cimaka da shagunan taki da iri su ma ba su tafiya sai da littafi.

Haka nan tsarin warrantage, wanda shirin FAO mai suna Projet Intrants ya yaɗa a Nijar daga 1999. Manoma suna zuba amfanin gona a sito lokacin kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin mai ba da rance. A ba su rance gwargwadon darajar kayan, su biya bayan watanni, su fid da kayansu lokacin da farashi ya hau. A nan sai an rubuta buhu nawa kowa ya kawo, nawa ya karɓa, nawa kuɗin ajiya, nawa kuɗin ruwa.

Asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya ba da wani darasi. An gina shi ba tare da dogaro da rubutu ba: akwati mai kwaɗo uku, mabuɗai a hannun mata uku, ana ƙirga zubi a gaban kowa, ana haddace abin da ya rage da wadda ake bi bashi. Tsarin ya yi nasara har ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Amma da zarar ƙungiyoyi sun haɗu sun zama tarayya, ko sun nemi rance daga asusun bashi da ke ƙarƙashin dokokin BCEAO, hadda ba ta isa, sai takarda.

2.3. Ayyukan raya karkara da ƙungiyoyin agaji

Agye ta daɗe da ayyukan asusun FIDA: PDRAA a shekarun 1990, PPILDA daga 2005, sa'an nan PASADEM daga 2012 da ProDAF daga 2015, waɗanda suka faɗaɗa zuwa sauran jihar. Biyun ƙarshe sun mai da hankali ga kasuwannin sari na amfanin gona, da dandalin tuntuɓar juna da aka sa wa suna Haɗin Gwiwa. Kasuwar da aka gina tana buƙatar mai karɓar kuɗin rumfa da na awo, da mai ba da bayaninsu. A gefen Gidan Rumji kuma, zuwan ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato tun 2019 ya kawo HCR da ƙungiyoyin agaji, aka tsugunar da wasu a Cadakori, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Kowace ƙungiya tana da mai kula da kuɗi da mai riƙe kes.

Doka ta ƙara wa wannan buƙata nauyi. A Yamai, ranar 22 ga Disamba 2022, OHADA ta amince da tsarin lissafi na musamman don ƙungiyoyin da ba na neman riba ba (SYCEBNL), ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024. Waɗannan guraben su ne suka fi albashi, shi ya sa kowane sabon mai takarda yake hangensu. Sai dai aikin kwangila ne mai wa'adi. Bayan sauyin mulki na Yuli 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da kuɗinsu, abin da ya nuna cewa buƙatar wannan ɓangare tana hawa tana sauka bisa shawarar da ake yankewa nesa da Agye.

2.4. Ƴan kasuwa

A littafinsa Les Alhazai de Maradi (1986), Emmanuel Grégoire ya bayyana yadda fataucin yankin ya ginu kan dangantakar ubangida da bara, wato kan amana. Kuskure ne a ce waɗannan mutane ba su da lissafi. Alhajin da ke fid da zakka yana ƙirga kayansa da kuɗinsa da basussukan da yake bi duk shekara, ya cire ɗaya cikin arba'in. Wannan ƙididdigar ƙarshen shekara ce cikakkiya. Dillali yana riƙe da cinikin mutum goma a kansa, bai rikita la'adarsa ba.

Abin da ke tura ɗan kasuwa ga takarda shi ne hulɗa da hukuma da banki: lambar NIF, duwan, neman rance, neman kwangilar gwamnati. Dokar lissafi ta OHADA da aka sabunta a Brazzaville ranar 26 ga Janairu 2017, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, ta sauƙaƙa wa ƙanana. Wanda cinikinsa na shekara bai kai miliyan 60 ba a saye da sayarwa, ko miliyan 40 a sana'ar hannu, ko miliyan 30 a aikin hidima, yana iya bin Système minimal de trésorerie, wanda ginshiƙinsa shi ne rubuta kuɗin da ya shiga da wanda ya fita. Mafi yawan masu shago da ƙungiyoyin yankinmu a wannan rukuni suke. Amma ɗan kasuwa ba ya buɗe wa baƙo asirin dukiyarsa. Ya fi son ɗansa ko ɗan ɗan'uwansa. Mai takardar da ba dangi ba sai ya fara samun amana, amana kuwa da magana ake samunta.

3. Inda ake horar da su

Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana koyar da tattalin arziki da gudanarwa. Daga cikin cibiyoyin IUT da aka buɗe a 2008, ta Tawa ce aka ba fannin gudanar da kamfanoni da lissafin kuɗi, ta Maraɗi kuwa fannonin fasaha. Makarantu masu zaman kansu a Maraɗi da Yamai suna shirya ɗalibai don BTS. ENA, wadda aka kafa a 1963, tana horar da ma'aikatan baitulmali da na haraji. A can sama akwai ƙwararru, mambobin ONECCA da dokar 2003 ta kafa.

A duk waɗannan matakai, karatu da jarrabawa da Faransanci ake yin su. Ɗalibi yana haddace rukunan plan comptable, yana iya tsara bilan, yana iya aiki da kwamfuta. Abin da ba a tambayarsa shi ne ya tsaya gaban mutum hamsin ya bayyana musu wannan bilan da Hausa. Ana ɗauka cewa tunda Bahaushe ne, ko yana jin Hausa, zai iya. Sashe na gaba zai nuna cewa jin harshe dabam, iya aiki da shi a fanni dabam.

4. Matsalolin harshe

4.1. Ƙirgar kuɗi

Takarda tana ƙirga da tamma (franc). Kasuwa tana ƙirga da dala, wato tamma 5, har zuwa jika, wato tamma 1.000 ko dala 200. Ga misalai:

(1) 25 F = dala biyar
(2) 100 F = dala ashirin
(3) 500 F = dala ɗari
(4) 750 F = dala ɗari da hamsin
(5) 1.850 F = jika da dala ɗari da saba'in
(6) 137.500 F = jika ɗari da talatin da bakwai da rabi

Ke nan tsari biyu ne a haɗe: abin da ke ƙasa da dubu ana raba shi da biyar, abin da ke sama ana ƙirga shi dubu-dubu. Daɗin daɗawa, a cikin magana ana yar da kalmar «dala». Idan mai tuwo ta ce «ashirin», 100 F take nufi. Mai lissafin da ya ga 500 a takarda ya karanta «ɗari biyar» ya fassara lambar daidai, amma ya ninka kuɗin sau biyar a kunnen mai sauraro.

Mun taɓa halartar babban taron wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye tsakanin Caduwa da Agye. Wani saurayi da aka ɗauko daga birni yana karanta lissafin sito, ya ce kuɗin ajiyar kowane buhu ɗari biyar ne. Wuri ya kaure. Mutane sun ji 2.500 F, har wasu sun fara zargin shugabanni. Ma'ajiyar ƙungiyar, dattijuwa, ita ta kashe wutar. Ta dubi takardar da ba ta iya karantawa, ta tambaye shi ko takardar kuɗi ɗaya ce ta ɗari, ya ce e. Ta ce: «To ɗana, ka ce dala ɗari.» Ya ce: «Na gode, Inna.» Lissafinsa ba shi da kuskure ko na tamma ɗaya, amma saura kaɗan ya raba ƙungiyar.

4.2. Kalmomi

a) Riba. Hausa tana da kalmomi biyu daga Larabci da rubutun yau ya haɗe: riba mai dogon wasalin i, wato ƙarin da ciniki ya kawo, da riba mai gajeren wasalin i, wato ƙari kan bashi da addini ya hana. Tsohon rubutun Nijar, mai ninka dogon wasali, yana bambanta su (riiba da riba). Na yanzu ba ya yi. Faransanci kuma yana da bénéfice, intérêt, excédent da ristourne. Idan aka fassara su duka da «riba», mamba ba zai san ko rarar ƙungiya ake magana ba, ko kuɗin ruwan banki, ko kason da za a mayar masa. A yankin da mutane ke gudun haram, wannan ruɗani yana iya hana mutum shiga ƙungiya ɗungum.

b) Bashi. Faransanci ya raba créance da dette da sunaye biyu. Hausa tana da suna ɗaya, aikatau ne ke nuna alkibla:

(7) Ƙungiya tana bin mamba bashi. (créance)
(8) Banki yana bin ƙungiya bashi. (dette)
(9) Bashin ƙungiya ya kai jika ɗari. (ko wanne daga ciki)

Jimla ta (9) tana da harshen damo. Kan shafin littafi ba ya ɗaukar doguwar jimla, saboda haka wanda ya rubuta «bashi» kawai ya haɗa dukiya da nauyi a layi ɗaya. Abin da ya fi dacewa shi ne a bi ginin harshen: «abin da muke bi» da «abin da ake bin mu».

c) Débit da crédit. A ƙaramin tsarin da muka ambata a 2.4, «shiga» da «fita» sun wadatar. A cikakken tsari mai shigarwa biyu ba su wadatar ba, domin débit a asusun kes shiga ne, a asusun mai kawo kaya kuwa ragin abin da yake bi ne. Takardar banki tana ƙara rikita abin, tunda daga ɓangaren banki aka rubuta ta: kuɗin da ƙungiya ta ajiye suna fitowa a crédit. A nan fassarar ma'ana ba ta da amfani; gara a ce «hagu» da «dama», yadda suke a shafi, ko a ari kalmomin yadda suke.

d) Amortissement. A ɗauka ƙungiyar mata ta sayi injin niƙa miliyan ɗaya, ana sa ran zai yi shekara biyar. Littafi zai cire jika ɗari biyu kowace shekara, alhali ba wanda aka biya, kuɗin suna cikin akwati. Mambobi za su tambaya don me ba a raba su ba. Hausa ba ta da kalma guda ta wannan, amma tana da tunanin: kowace mai sana'a ta san bambancin riba da uwar kuɗi, ta san kuma ƙarshen wadda ta ci uwa. Idan mai lissafi ya ce «kuɗin tsufan inji ne, in mun raba mun ci uwa», an gane. Idan ya ce «amortisma», sai a yi shiru, shirun kuwa ba yarda ba ce.

4.3. Awo da canji

Littafi yana son kilo da tan. Kasuwa tana auna da tiya da buhu. An saba ɗaukar tiyar hatsi kimanin kilo biyu da rabi, tiya 40 buhu mai kilo 100. Amma nauyin tiyar aya ko ta riɗi ba ɗaya ba ne da na hatsi, kuma cikar tiya ta danganta da hannun ma'auni. Gibin da ake gani a sito sau da yawa daga nan yake, ba daga sata ba. Mai lissafin da bai san wannan ba zai zargi mai gaskiya.

Sai naira. Doka ta ce da sefa za a riƙe littafi, ciniki kuwa da yawa da naira ake yin sa, bisa farashin ƴan canji na ranar. Sefa tana ɗaure da yuro (655,957 F) tun 1999; naira kuwa ta faɗi ƙwarai bayan da Najeriya ta saki farashinta a Yuni 2023. Rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan Yuli 2023 har cikin 2024, sun ƙara dagula farashi. Kalmomin ma suna yaudara: jika a Gazawa 1.000 F ce, jaka a Katsina kuwa a al'ada naira 200 ce, gadon fam 100 na kafin 1973. Ko rubutun lamba ya bambanta: abin da muke rubutawa 1.500, rasit daga Kano zai nuna shi 1,500, wanda ɗalibin Faransanci zai iya karantawa ɗaya da rabi.

5. Abin da sashenmu zai iya yi

Dokar 2001 ta lissafa Hausa cikin harsunan ƙasa. Charte de la refondation ta Maris 2025 ta ɗaga ta zuwa matsayin harshen ƙasa, ta mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Matsayi a doka ba ya haifar da kalmomin fanni; aiki ne ke haifar da su. Muna ba da shawarwari huɗu.

Na ɗaya, a tattara kafin a ƙirƙira. Ma'aji, dillali, ma'auni, ɗan canji da uwar adashe suna da kalmominsu: zubi, kwasa, jari, uwa, faɗuwa, cikon kuɗi, kafin alƙalami. Ɗalibin master zai iya ɗaukar kasuwa ɗaya ko tarayyar mata ɗaya, ya naɗi yadda ake ba da lissafi da baki, ya fid da tsarinsa. Kalmar da kwamiti ya ƙaga a ofis ba tare da wannan ba takan mutu a cikin ƙamus.

Na biyu, a shirya ƙaramin ƙamus na Faransanci da Hausa wanda ya tsaya kan Système minimal de trésorerie da takardun ƙungiyoyi, tare da samfurin shafuka masu kai biyu. Kowace jimilla a rubuta ta da lamba, a kuma rubuta yadda ake faɗinta da jika da dala. Ya kamata a fitar da shi da boko da ajami, saboda masu karatun allo.

Na uku, a yanke shawara kan aron kalmomi. Muna da kontabul da akanta, resi da rasit, bidje da kasafin kuɗi. Inda akwai kalmar Hausa da ɓangarorin iyaka biyu suka sani, kamar kasafi, ma'aji, rance da ajiya, ita ya kamata a fifita. Inda babu, a kawo duka biyu, tunda takardun ciniki suna ƙetare iyaka.

Na huɗu, mu tuntuɓi abokan aikinmu na sashen gudanarwa da na IUT don a saka ɗan gajeren darasi na ba da lissafi da harshen ƙasa, mai jarrabawar baka: a ba ɗalibi lissafin shekara na wata ƙungiya, ya bayyana shi da Hausa, ya amsa tambayoyi. Ɗalibanmu na ilimin harshe su ma za su amfana idan suka koyi tushen kontabilite, domin fassarar takardun kuɗi aiki ne da ake biya.

6. Kammalawa

Mun ga cewa buƙatar masu lissafi a Agye, Gazawa da Gidan Rumji tana fitowa daga wurare huɗu. Wadda ta fi albashi, ta ayyukan tallafi, ita ce mai saurin gushewa. Wadda ta fi daɗewa, ta ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi da ƴan kasuwa, ita ce ke neman mai harshe biyu. Mun kuma nuna cewa wahalar ba ta tsaya ga kalmomi ba, ta haɗa da tsarin ƙirga da awo da canji.

Dokar OHADA ta ba mamba ikon amincewa da lissafi ko ƙin sa. Wanda ya dangwala yatsa kan abin da bai gane ba bai yi amfani da wannan iko ba, kuma ranar da kuɗi suka ɓace ba zai san wanda zai tambaya ba. Ranar da ba su ɓace ba ma yana iya zargin wanda bai ci ba. Gyara wannan yana wuyan masu koyar da lissafi da masu nazarin harshe tare. Muna fatan abokan aiki za su aiko da gyare-gyarensu kan kalmomin da muka gabatar a sashe na 4, musamman waɗanda suka san yadda ake faɗinsu a Tawa da Damagaram.